Gyaran Bangon Motar Kawu: Abin da Nake Rubutawa Bayan Kowane Aiki

Asabar, 8 ga Maris

Yau na daina kawar da kai. Watanni ke nan ina ganin kumburin nan a jikin motar, ƙarƙashin tagar kicin ta gefen dama, kullum ina cewa sai na samu sarari. Da safe na ɗora tafin hannu a kai na danna. Fatar bangon ta lotsa ta dawo, na ji wani ƙaras-ƙaras daga ciki kamar an taka busasshen ganye. Gabana ya faɗi, domin bango mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan.

Motar ta Kawu ce, ƙirar 1996. Irin motocin nan ne masu ɗaki a baya, da kicin da ɗan banɗaki, da wani gado da ya leƙo saman kan direba. Tsawonta ya kusa mita 7. A cikinta ya yi ta yawo da mu muna yara, kuma a gadon saman nan nake kwana. Da idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi, ni ya miƙa wa makullin. Ba zan iya zuba ido ta ruɓe a hannuna ba.

Ga wanda bai taɓa ganin cikin irin wannan bango ba, hawa-hawa ne aka manne da gam. Daga waje akwai siririyar fatar faiba, wadda kaurinta bai wuce milimita ɗaya da ɗan abu ba. Bayanta falankin filawud mai kaurin milimita 3. Sai farin soso, irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a cikin kwali, an jera shi tsakanin sandunan alminiyam. Daga can ciki kuma wani siririn filawud ɗin mai ado. Kowanne shi kaɗai ba shi da wani ƙarfi, da hannu ma sai ka karya shi. Ƙarfin bangon gaba ɗaya yana cikin mannewar da suka yi wa juna. Ranar da suka saki juna, ranar bango ya fara tafiya.

Na jira har magariba, na ɗauki tocila na kwantar da haskenta a jikin motar daga gefe. Abin da rana ta ɓoye duk ya fito: tudu da kwari kamar an shimfiɗa zanen gado ba a ja shi ba. Na bi da ƙotar sukundireba ina ƙwanƙwasawa. Inda yake manne sai ka ji ƙas-ƙas a tsaye, inda ya saki kuma sai ya amsa kamar ganga. Duk inda sautin ya canza na liƙa guntun salatif. Wurare uku na samu. Babban na ƙarƙashin taga, faɗinsa santimita 120, tsayinsa 70. Wani ƙarami a kusurwar baya, bai fi faɗin faranti biyu ba. Na uku a kusurwar gadon sama, shi ne ban so gani ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban taɓa kumburin ba yau. Shi alama ce kawai, ciwon ruwa ne, kuma sai na san ta inda yake shiga kafin in sa gam ko ɗigo ɗaya.

Na sa tsani na hau rufi. Gam ɗin da aka toshe haɗin rufi da bango da shi ya tsattsage kamar ƙasar da ta sha fari. Na zare siririyar robar da ke rufe kan sukurori a jikin datsin alminiyam na gefen rufi, na kwance guda goma don in gani. Shida sun fito fes. Huɗu, waɗanda ke daidai saman tagar kicin, sun fito jajaye da tsatsa, biyu daga ciki ma zarensu ya cinye, suna juyawa a banza. Sukuru ba ya ƙarya. In ya yi tsatsa har ƙasa, ruwa ya daɗe yana kwana a wurin.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a jikin tagar yake. An zagaye firam ɗinta da silikon mai kauri, hawa kan hawa. A ƙasan firam ɗin akwai wasu 'yan kafofi biyu da masu ƙera taga suka bari da gangan, domin ruwan da ya shiga layin gilashi ya samu hanyar fita waje. Su ma an cika su da silikon taf. Ke nan duk ruwan saman da ya sauka a kan gilashin, sai ya taru a layin, ya rasa mafita, ya gangara cikin bango.

Na kira Kawu da yamma na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni na toshe su da hannuna, ɗana. Na ga ruwa na fitowa ta nan, na ɗauka nan ne yake yoyo." Na ce, "Kawu, kowa ya gani haka zai ɗauka." Kuma har zuciyata na faɗa. Mutum ne da bai taɓa barin motar nan ta kwana da datti ba. Ƙoƙarin kare ta yake yi.

Asabar, 15 ga Maris

Ni da ƙanina mun cire tagar. Irin wannan taga ba a ɗaure ta a jikin bango, wani zoben alminiyam ne daga ciki yake jawo firam ɗin waje, su matse bangon a tsakaninsu. Na kwance sukurori 22 daga ciki, shi kuma yana tsaye a waje a kan tsani ya tallafe gilashin. Na yanke silikon ɗin da reza, na tura da tafin hannu. Ko gardama ba ta yi ba. Tef ɗin butil da ya kamata ya riƙe ta da danƙo ya bushe ƙayau, yana marmashewa kamar tsohon sabulu.

Da taga ta fita, bakin ramin ya nuna mana komai. Wani wari ya taso, irin na rigar da aka manta a jiƙe cikin bokiti. A gefen sama filawud ɗin fari ne, a tsaye. A gefen ƙasa ya yi baƙi ƙirin. Ƙanina ya sa yatsa ya ja, sai ga shi yana fitowa salo-salo kamar ɓawon albasa. Ya ce, "Yaya, wannan ai ba katako ba ne kuma."

A nan na fahimci abin da ban gane ba a da. Na ɗauka gam ɗin da ke tsakanin faiba da katako ne ya saki. Ashe ba haka ba ne. Shi filawud ɗin kansa hawa uku ne na siraran katako da aka manne, kuma gam ɗin da ke tsakaninsu ne ruwa ya cinye. Hawa ɗaya yana nan manne a bayan faiba, ɗaya yana manne a jikin soso, na tsakiya ya zama gari. To idan ka ɗura gam a irin wannan wuri ka matse, ruɓaɓɓe ka manna wa ruɓaɓɓe. Zai yi kyau na wata ɗaya ko biyu, rana ta farko da ta dake shi sosai zai sake tashi.

Na lanƙwasa bakin wani siririn ƙarfe mai tsawon hannu ya zama ƙugiya, na riƙa zura shi ta bakin tagar ina yaƙuto ruɓaɓɓen. A hankali nake yi, domin faibar ta tsufa, in aka ɗaga ta da yawa za ta tsage, in ta tsage kuwa aikin ya ninku. Zuwa la'asar na cika rabin bokiti da baƙin gari. Wurin da ya ruɓe sosai ya tsaya a santimita 30 ƙasa da taga. Daga nan zuwa ƙasa katakon ya rabu amma bai mutu ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na sassoka 'yan guntayen katako tsakanin faiba da soso don bakin ya zauna a buɗe, na kafa fanka tana hura iska ciki dare da rana. Na rufa tamfol daga kan rufi ya sauko gefen, na bar sarari a ƙasa don iska ta riƙa wucewa. Kusurwar baya ma na kwance datsinta na buɗe.

Na sayi na'urar auna damshi mai allura biyu. Mai allurar na zaɓa da gangan, domin wadda ake ɗorawa a jikin bango kawai, sandunan alminiyam da ke ciki suna rikita ta, ta riƙa nuna ruwa inda babu. Awon yau: ƙarƙashin taga 31 cikin 100, kusurwar baya 24, wani wuri mai lafiya da na auna don kwatance 10. Ƙa'idar masu aikin katako ita ce in damshi ya haura 20, ruɓa na iya ci gaba da aikinta. Don mannewa da gam kuwa, ina son in ga 12 ko ƙasa da haka.

Asabar, 22 ga Maris

Taga 25, kusurwar baya 19. Yana sauka, amma da rarrafe.

Tunda ba abin yi sai jira, na yi gwajin gam. Na ɓaro guntayen soso huɗu daga bakin tagar na jera a kan benci. Na farko na ɗiga masa gam ɗin nan mai ƙarfin wari da ake shafa wa fuska biyu a bari ya sha iska. Kafin in rufe gwangwanin ya ci rami a jikin soson. Na biyu na sa masa ruwan da ake aikin faiba da shi, wato foliyesta. Shi ma ya narkar da shi ya zama kamar majina. Na uku na ɗiga masa asiton, wanda na yi niyyar goge hannu da kayan aiki da shi. Nan take ya lotsa ya ɓace. Na huɗu efoksi, ya zauna a kai lafiya lau, ya daskare, soson bai ko yamutse ba.

Wannan gwajin na minti goma ya cece ni daga babbar ɓarna. Da na ɗura ɗaya daga cikin ukun farko a bangon, da na narkar da abin da nake son in manna wa fatar, kuma ba zan gani ba sai bayan an gama. Efoksi zan yi amfani da shi, mai ruwa-ruwa wanda zai iya ratsa katako, da mahaɗi mai jinkirin kamawa. Irin wanda na samu kashi 5 ne na gam da kashi 1 na mahaɗi. Asiton kuwa na fitar da shi daga wurin aikin gaba ɗaya, barasar goge-goge za ta wadatar.

Lahadi, 23 ga Maris

Na yi kusurwar baya. Na ce ƙarama ce, 19 ma ai ƙasa da 20 take, kuma zan koyi hannu a kanta kafin in fuskanci babban.

Na haɗa efoksi kusan rabin lita a kofi ɗaya. Ina cikin fama da sirinji sai na ji kofin ya yi ɗumi, kafin wani lokaci ya yi zafin da ba ya taɓuwa, yana fitar da hayaƙi. Haka efoksi yake: yana kamawa yana fitar da zafi, zafin kuma yana ƙara masa sauri, in ya taru da yawa a wuri mai zurfi sai ya ƙone kansa. Na fitar da kofin waje na ajiye a kan ƙasa, na sake haɗa kaɗan, na ɗura abin da na iya, na ɗora falanki na tokare da katako biyu a jikin katanga.

Laraba, 26 ga Maris

Na cire tokarar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Rabin wurin ya kama, rabi yana nan yana amsawa kamar ganga. Ga kuma shatar bakin katakon tokara ta fito a jikin fatar, wani ɗan kwari mai kusurwa huɗu, saboda falankin da na sa siriri ne kuma na buga weji, wato guntun katako mai siririn baki da ake cusawa don ƙara matsi, da ƙarfi har soson da ke ciki ya lotsa. Soso in ya lotsa ba ya dawowa.

Laifin ba na gam ba ne. Katakon bai bushe ba, na sani, na kuma rufe ido na yi. Yanzu efoksin da ya daskare a ciki ya zama shinge, ya tare hanyar da zan bi in kai sabon gam ga inda bai kama ba. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin. Da a ce babban na fara da shi a haka, da na gama da bangon Kawu.

Asabar, 29 ga Maris

Taga 19. Ban taɓa komai ba.

Na yi amfani da ranar wajen kankare silikon daga firam ɗin taga da jikin faiba. Aiki ne mai cin rai. Silikon yana barin wani santsi da ido ba ya gani, kuma babu abin da ke manne wa wannan santsin, har da sabon silikon ɗin kansa. Da abin kankara na roba na yi, don kada in karce fatar. Kafofin nan biyu na buɗe su da tsinke, busasshiyar laka ta zubo daga ciki.

Asabar, 5 ga Afrilu

Taga 15. An yi ruwa ranar Talata, tamfol ya riƙe.

Yau muka haɗa abin matsi, muka kuma gwada shi a bushe ba gam. Na matso da motar ta tsaya kusan mita ɗaya daga katanga, a gefen da inuwa take wuni. Inuwar tana da muhimmanci: faiba in ta sha rana tana buɗewa, kumburin ya ƙara tashi, in ka matse ta a haka sai ta yi ƙunci.

Abu na farko da gwajin ya nuna mana shi ne motar tana gudun matsi. Muna buga weji, ita kuma tana karkata ɗaya gefen a kan sifirin ɗinta, tokarar ta yi sako-sako. Sai da muka sa jak a kusurwoyi huɗu a ƙarƙashin shasi ta tsaya cak. Abu na biyu, da muka matsa daga waje, bangon ya fara lanƙwasa ciki. Ƙanina ne ya lura, yana ciki ya ce, "Yaya, dakata, ƙofar kabad ɗin nan ta daina rufuwa daidai." Dole muka sa wani falankin daga ciki, muka tokare shi da katako har ɗaya bangon, a daidai inda sandar alminiyam take, domin bangon ya zama yana tsakanin hannu biyu.

Jerin da muka tsayar daga waje shi ne: leda a jikin fatar, domin efoksi ba ya kama leda, sai siririyar katifar roba don ta rarraba nauyi, sai falanki mai kaurin milimita 18 da aka ƙarfafa bayansa da katako uku a kwance, sai tokara shida zuwa katanga, kowace da weji biyu masu fuskantar juna. Na sa wa kowane katako lamba, na sa irinta a katanga. Sau uku muka kafa muka kwance muna duba agogo. Na farko minti 19, na ƙarshe minti 7. Gam ɗin yana ba da kamar minti 20 zuwa 25 a kofi in zafin gari yana wajen digiri 22 a ma'aunin Selsiyos, ya fi haka daɗewa in ya bazu a sirance. Minti 7 ya yi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

12 a wurare huɗu, 13 a wuri ɗaya can ƙasa. Kwana 25 ke nan fanka tana juyawa. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun fara da hantsi, da sauran sanyin safiya. Rabin ƙasa kaɗai muka yi yau, inda katakon ya rabu amma bai ruɓe ba. Raba aikin biyu ya fi, domin hannu huɗu ba za su iya bin santimita 70 a zubi ɗaya ba.

Na ɗaure siririn tiyo mai tsawon mita ɗaya a jikin miƙaƙƙiyar waya da salatif, don in iya sarrafa bakinsa a cikin bango, na haɗa ɗaya bakin da sirinji mai cin mililita 60. Dukanmu da safar hannu da tabarau, domin efoksi in ya saba taɓa fata yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburin da ba ya barin mutum. Ƙanina yana kan sikeli, yana auna giram 100 na gam da giram 20 na mahaɗi a faffaɗan kwano, yana juyawa minti biyu cur yana kankare gefe da ƙasa. Ba ya haɗa na gaba sai na ce.

Na zura tiyon har ƙasa na fara daga can, ina matsawa ina ja daga hagu zuwa dama, layi-layi ina hawowa. Ba ka ganin abin da kake yi, da kunne da hannu ake aikin. Nakan ɗora tafin hannu a waje in ji bakin wayar yana wucewa ƙarƙashin fatar. Kuma tunda katakon hawa-hawa ya rabu, sai da na bi ta bayan faiba sau ɗaya, na sake bi ta gaban soso. Bayan kowane zubi biyu ina bi da abin birgima na roba daga waje, ina tura gam ɗin zuwa gefe-gefe har bakin salatif ɗin da na yi shaida da shi. Wani ɗan sauti yake yi, caɓ-caɓ, kamar an taka jiƙaƙƙen takalmi. Inda na daina jin sautin, nan na san gam bai kai ba, sai in koma.

Zubi bakwai ya ci. Muka kafa matsin cikin minti 8. Wejin da tafin hannu na tura su, sai bugu ɗaya-ɗaya da guduma, ina zagayawa. Matsin efoksi ba na ƙarfi ba ne, so ake fuskokin su haɗu kawai. In ka matse da yawa sai ka tatse gam ɗin ya bar wurin a bushe. Da na ga ya fara tsattsafowa ta datsin ƙasa na tsaya, na goge da tsumma da barasa tun yana ɗanye. Ragowar da ke kwano na ajiye a inuwa kusa da taya, ita ce za ta gaya mini halin da na ciki yake.

Talata, 15 ga Afrilu

Na kwanon ya yi tauri tun jiya, farce ba ya shiga. Amma dare yana yin sanyi, sanyi kuwa yana jinkirta shi, don haka na ƙara kwana ɗaya.

Da na zare weji na farko hannuna har rawa yake. Muka janye falankin, ledar ta sulluɓe. Na ƙwanƙwasa daga wannan gefe zuwa wancan, tsakanin kowane bugu da na gaba faɗin yatsa uku. Ƙas-ƙas ko'ina. Na danna da ƙarfina, bai motsa ba. Alhamdu lillahi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Rabin sama, inda na yashe ruɓaɓɓen. Nan akwai rami, gam kaɗai ba zai cike shi ba. Na yanka sabon filawud mai milimita 3 gida biyu don ya shiga ta bakin taga, na goge gefunansa da samfefa suka yi siriri don kada shatarsu ta fito a waje. Na shafe fuska biyu da efoksi har ya sha, na ƙara wani mai ɗan kauri a kai, muka zura su suka zauna. Nan aikin ya fi sauƙi, tunda bakin taga a buɗe yake, ana iya kama bangon ciki da waje da kilam. Guda takwas muka sa, da katako a kowane gefe.

Asabar, 26 ga Afrilu

Da tocila, in ka kwantar da haske, akwai ɗan tudu mara tsayi a inda sabon katako ya haɗu da tsoho. Da rana ba ka ganinsa sai an nuna maka. Na yarda da shi.

Mun mayar da taga. Kafin nan na shafe ɗanyen bakin katakon da ke kewaye da ramin da efoksi, ta yadda ko ruwa ya sake zuwa ba zai samu ƙofar shiga ba. Na zagaye bayan firam ɗin da sabon tef ɗin butil, na fara daga tsakiyar ƙasa na ƙare a nan, don haɗin ya kasance inda ruwa ba ya taruwa. Ƙanina ya ɗora ta daga waje, kafofin nan biyu suna ƙasa. Na ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan mai fuskantarsa, zagaye uku, har butil ɗin ya fara bultsowa ta ko'ina. Gobe zan ƙara ɗaurewa in yanke abin da ya fito, in ja siririn layin gam mai laushi a sama da gefuna biyu. Ƙasa zan bar shi haka.

Asabar, 3 ga Mayu

Kusurwar baya. Tun ranar da na ɓata ta na sake buɗe ta ga fanka, yanzu tana 11. Na kwance fitilar baya, na samu hanya ta ramin wayarta, na kai tiyo ga yawancin inda bai kama ba. Wani yanki mai faɗin tafin hannu ya gagara, tsohon efoksi ya kewaye shi. Sai da na huda faibar da ƙaramin bakin injin huda, huda biyu, a kan layin ado inda ba za su fito ba, na ɗura ta ƙasa har ya fito ta sama. Ya kama. Kwarin nan mai kusurwa huɗu dai yana nan, kuma zai zauna. Duk sanda na zagaya bayan motar idona a kansa yake fara sauka.

Lahadi, 11 ga Mayu

Jiya na wuni a kan rufi. Na kankare tsohon gam na haɗin gefen dama gaba ɗaya, na ɗaga datsin, na shimfiɗa sabon butil a ƙarƙashinsa, na canza duk sukurorin da marasa tsatsa. Ramukan huɗun da suka buɗe na cike su da efoksi da tsinken katako tun ranar Alhamis, na sake huda su. Rufin na roba ne, don haka ban bari fetur ko wani mai irinsa ya taɓa shi ba, yana kumbura shi. A kwance na sa gam ɗin da ke bajewa da kansa, a tsaye kuma wanda ba ya zuba.

Yau gwajin ruwa. Ƙanina yana ciki da tocila da busasshiyar takarda, ni ina waje da tiyo. Daga ƙasa na fara ina hawa, minti biyar a kowane mataki, domin in ka fara daga rufi ruwa ya bayyana a ciki, ba za ka san ta ina ya shiga ba. Da na kai gilashin na tsaya ina kallon ƙasan firam. Sai ga ruwa yana fitowa ta kafofin nan biyu, siriri, yana gangarowa ta waje. Ciki ko ɗigo.

Ana cikin haka aka kawo Kawu. Ya taka a hankali har jikin motar, ya miƙa hannu yana laluben bangon ƙarƙashin taga, ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan, ya danna da yatsa. Sannan ya kai hannu ƙasan firam ɗin, ruwan ya jiƙa masa yatsu. Ya ce, "Su ne waɗannan?" Na ce, "Su ne, Kawu." Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tambaya ko gadon sama yana nan lafiya.

Na gaya masa gaskiya. Bayan sun tafi na kwance datsin kusurwar gadon, na cire fitilar da ke goshin motar, wadda robarta ta tsage, na soka allurar na'ura. Ta nuna 27. Na sassoka guntayen katakon nan, na ɗauko tamfol, na mayar da fanka sama.